Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Lissafin Abin da Koguna Ke Kai wa Teku, da Rabon Ƙasar Daura a Ciki

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gwamnati a fannin albarkatun ruwa, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya a Daura)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga ya dace ya ba ni wannan dama, alhali akwai manya a zaune waɗanda suka fi ni shekaru da sani. An umarce ni in yi magana a kan abin da ya shafi aikina, sai na zaɓi batun ruwan da koguna ke zubawa cikin teku, da abin da ruwan yake ɗauke da shi, da yadda masana suke lissafa shi. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan Badauri da teku? Tsakaninmu da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800, kuma mu mutanen rijiya ne, tarihin garinmu ma a bakin rijiyar Kusugu ake fara ba da shi. To, ina roƙon a yi haƙuri a bi ni a hankali, domin nufina shi ne in nuna cewa wannan lissafi na duniya yana da shafin da ya shafe mu, kuma shafin namu kusan babu rubutu a cikinsa.

Bari mu fara da yadda ake auna kogi, don kada alƙaluman da za su biyo baya su zama kamar tatsuniya. Abin awon shi ne kubik mita, wato tanki mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Yana cin lita 1,000, daidai da duro biyar, ko jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. In ana so a san yawan ruwan da ke wucewa a korama, sai a auna faɗinta da zurfinta da saurin gudun ruwan, a ninka su. Alal misali, korama ce mai faɗin mita 10, zurfinta rabin mita, ka jefa karan dawa ka ga yana tafiyar mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Ke nan kubik mita 5 ke wucewa a gabanka duk daƙiƙa, wato duro 25. Da yake ba kullum za a riƙa shiga ruwa ana wannan awo ba, sai a kafa sanda mai lambobi a gindin gada, a yi awon sau da dama lokacin da ruwa ya cika da lokacin da ya ja, har a gane cewa in ruwa ya kai lamba kaza a jikin sanda, to, kubik mita kaza ke wucewa. Daga nan aikin ya koma hannun mutum guda, wanda zai zo safe da yamma ya duba sanda ya rubuta a littafi. Duk manyan alƙaluman da zan kawo, asalinsu irin wannan mutum ne da fensirinsa.

A garin Koblenz na ƙasar Jamus akwai wata cibiya da aka kafa a 1988 a ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, aikinta tattara waɗannan bayanai daga ƙasashe, kuma ta tara na tashoshi fiye da 10,000. Ta fannin abin da ke narke a cikin ruwa kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara wani shiri na sa ido a kan ingancin ruwa tun 1978. Kafin wannan, wani masani mai suna Daniel Livingstone ya tattara sakamakon gwajin ruwan koguna da tafkuna na duniya a 1963, sannan Michel Meybeck na Faransa ya gyara lissafin a 1979. A 2011 John Milliman da Katherine Farnsworth suka fitar da littafin da ya haɗa bayanan koguna fiye da 1,500 masu zuba a teku.

Abin da lissafin ya nuna shi ne, a kowace shekara kogunan duniya suna zuba abin da ya kai kubik kilomita 36,000 zuwa 40,000 na ruwa a cikin teku. Amma rabon ba daidai yake ba. Kogin Amazon na ƙasar Barazil shi kaɗai yana zuba kimanin kubik mita 209,000 a daƙiƙa, fiye da duro miliyan ɗaya ke nan kafin ka ƙifta ido, kuma wannan ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na dukan abin da koguna ke kai wa teku. Mai bi masa shi ne Kogin Kwango, da kimanin 41,000. Namu Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, duk da tsawonsa na kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini, abin da yake isarwa bai wuce wajen 6,000 ba. Sai an tara irinsa fiye da 30 kafin a kamo Amazon. Dalili kuwa a fili yake: Kwara ya yi doguwar tafiya a bakin Sahara, kuma a fadamun ƙasar Mali, kafin Tambutu, rana tana shanye kaso mai yawa na ruwansa, a wasu shekaru kusan rabi.

Ruwan kuma ba ya tafiya hannu rabbana. Kaya iri biyu yake ɗauka. Akwai wanda ido ke gani, wato laka da yashi, irin abin da ke mayar da korama ja wur bayan ruwan farko. Wannan an ƙiyasta shi tsakanin tan biliyan 15 zuwa 20 a shekara. Sannan akwai wanda ido ba ya gani, wanda ya narke kamar sukari a shayi, shi kuma ya kusa tan biliyan 4 a shekara. In da za a loda wannan na biyun a tirela mai ɗaukar tan 30, da sai an sami tirela fiye da 360,000 suna sauke kaya a bakin teku kowace rana ta Allah.

Daga ina wannan narkakken kaya yake fitowa? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ilmin kimiyya bai ƙaryata su ba. Ruwan sama yana haɗuwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, a sararin sama da kuma cikin ƙasa inda saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suke, sai ya ɗan yi tsami kaɗan, wanda harshe ba zai ji ba. Da wannan ɗan tsami yake lasar duwatsu shekara da shekaru, yana kwasar sinadarai irin su kalsiyam da sodiyam da baikabonet. Farin abin nan da ke mannewa a gindin butar mai shayi, shi ne shaidar. Kowane kogi yana ɗauke da ɗanɗanon ƙasar da ya ratsa. Matsakaicin ruwan kogi a duniya yana da kimanin miligiram 100 zuwa 120 na narkakken abu a kowace lita. Na Kwara bai ma kai haka ba, saboda duwatsun da ya fito daga cikinsu tsofaffi ne, ruwa ya daɗe da wanke su. A jarka guda ta ruwan kogi, duk abin bai fi rabin ƙaramin cokali ba. A jarka guda ta ruwan teku kuwa akwai giram 875 na gishiri, kusan kilo ɗaya.

To, yaya aka yi ruwan daɗi ya tara ruwan gishiri? Amsar ita ce teku ba shi da mafita sai sama. Rana tana ɗauke ruwan ta mayar da shi girgije, ta bar kayan a ƙasa. Abin sha'awa ma, abin da ya fi yawa a ruwan kogi shi ne kalsiyam da baikabonet, amma a teku sodiyam da kuloraid ne suka fi yawa, wato gishirin miya. Dalili shi ne halittun teku suna kwashe kalsiyam su gina ɓawonsu da shi, in sun mutu ya kwanta a ƙasan teku, shi kuwa sodiyam ba mai bukatarsa sosai, sai ya zauna miliyoyin shekaru. A nan bari in ɗan ratse saboda ƙannena 'yan ajin kimiyya. A 1715 Edmond Halley na Ingila, wanda aka sa wa tauraruwar nan mai wutsiya sunansa, ya kawo shawarar cewa za a iya gane shekarun duniya daga gishirin teku. A 1899 John Joly na ƙasar Ailan ya yi lissafin: ya raba sodiyam ɗin da ke teku da wanda koguna ke kawowa a shekara, ya sami shekara wajen miliyan 90. Lissafinsa na raba-da-ninka daidai ne, amma amsar ta yi nisa da gaskiya, don masana yanzu suna ba duniya shekara biliyan huɗu da rabi. Inda aka sami tangarɗa shi ne ya ƙirga abin da ke shiga, bai ƙirga abin da ke fita ba. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya ya san irin wannan lissafi.

Yanzu mu dawo gida. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Daura yana kaiwa wajen milimita 600 a shekara mai matsakaicin damina. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Saboda haka gona mai hekta ɗaya tana karɓar jarka 240,000 a damina guda. Ina wannan ruwa yake zuwa?

Allah ya ajiye mu a kusa da doron da ya raba manyan kwaruruka biyu. Ta yamma da arewa, koramu irin su Sabke da Tagwai suna gangarawa arewa ne, su tsallaka iyaka su shiga Jamhuriyar Nijar, inda kwarinsu yake haɗuwa da Gulbin Kaba. Shi kuma Gulbin Kaba ya yi baka ta ƙasar Mayahi, ya juyo ya sake shigowa Nijeriya ta gabashin Jihar Sakkwato, ya faɗa Gulbin Rima. Daga nan hanya sananniya ce: Goronyo, Sakkwato, Argungu, Birnin Kabi, sai Kwara, sai Yawuri da Kainji da Jabba, sai Lakwaja inda Binuwai ya shigo, sai Anaca, sai Tekun Atlantika. A kan taswira ke nan. A zahiri kuwa, mafi yawan Gulbin Kaba busasshen kwari ne, an daɗe rabon da ruwa ya bi shi tun daga farko har ƙarshe. Ruwanmu yakan ƙare a cikin rairayi da fadamu tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Ta gabas kuwa, in ka nufi Baure ka wuce, ƙasa tana kallon kwarin Tafkin Chadi ne, wanda Kogin Haɗeja da Komadugu Yobe suke cikinsa. Wannan kwari ba shi da ƙofa zuwa teku ko kaɗan. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin sakamakon haka, ko da ba mu lura ba, don muna cinsa kullum. Kanwar da ake sa wa miyar kuka da ɗanwake, wadda ake jiƙa wa dabbobi, da ungurnu da fatake suka riƙa ɗaukowa daga bakin Chadi, da manda ta ƙasar Manga, duk ba wani abu ba ne illa narkakken kayan da ruwa ya kwaso, ya rasa hanyar kai shi teku, rana ta ɗauke ruwan ta bar shi a fili. Abin da ke faruwa a teku a cikin miliyoyin shekaru, shi ne ke faruwa a tafkunan kanwa a cikin rani ɗaya. Wani zai tambaya, to don me ruwan Tafkin Chadi kansa bai zama na gishiri ba? Saboda yana yoyo ta ƙasa, ruwan da ke tsiyaya yana tafiya da gishirin, wani kuma yana daskarewa ya zama kanwa a gefen arewa maso gabas.

Wannan shi ne ginshiƙin maganata a yau. Mutumin da ke zaune a bakin babban kogi, in ya zuba ƙazanta, ruwa yakan kwashe ta ya kai wa na ƙasa da shi, daga ƙarshe ya kai wa teku. Mu ba mu da wannan gata, in ma gata ne. Ta yamma ruwanmu ba ya isa, ta gabas babu ƙofa. Mafi yawansa rana ce ke ɗauka, don a irin yanayinmu buɗaɗɗen tafki yana iya rasa zurfin mita biyu a shekara ta hanyar tururi kawai. Sauran ya nutse ya zama ruwan rijiya. Ke nan duk abin da muka zuba, da mu da maƙwabtanmu na Nijar za mu sha shi.

Kafin in faɗi abin da muke zubawa, ya kamata mu ga abin da ɗan Adam ya yi wa manyan koguna, don can ne aka auna aka gani. Misali na farko Kogin Nilu. Kafin a gina babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ambaliyar kowace shekara tana kai laka mai taki har cikin Bahar Rum, ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su. Da aka fara tare ruwan, kifin sadin da masuntan Masar ke kamawa ya faɗo daga tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 500 a 1968. Wanda ya gina madatsa yana neman lantarki da noman rani ne, kuma ya samu, amma masunci mai nisan kilomita ɗaruruwa shi ya biya wani ɓangare na kuɗin. Misali na biyu akasin wannan ne, wato taki ya yi yawa. Kogin Misisifi na Amurka yana kwaso ragowar takin zamani daga gonakin masara ya zuba a Mashigin Tekun Meziko. Takin yana haifar da gansakuka mai yawa, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. A 2017 faɗin wurin da abin ya shafa ya haura murabba'in kilomita 22,000, ya kusa girman Jihar Katsina gaba ɗayanta.

Mu ma muna da namu daidai gwargwado. Yuriya da kamfa da muke zubawa a gona, ba duka shuka ke ci ba. Ragowar tana zama sinadarin naitiret, wanda ba ya da launi ko wari, kuma yana bin ruwa ya sauka ƙasa cikin sauƙi. Haka abin da ke tsiyaya daga shaddar da aka haƙa kusa da rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, kuma jarirai ne ya fi yi wa illa. Rijiya nawa ce a cikin garin nan aka taɓa gwada ruwanta? Mukan gane rijiya mai zartsi da harshe, amma wannan harshe ba ya kama shi. A Kano kuma kowa ya san abin da masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa da Bompai suka daɗe suna sakarwa a Kogin Chalawa da Jakara, har da sinadarin kuromiyam, kuma waɗannan koguna na kwarin Chadi ne, marar mafita. Ta fannin laka kuwa, ba sai mun je Masar ba. Duk wanda ya san madatsar Daberam ya san yashi yana cike ta. Ƙasar da ke kwance a gindin madatsa, ƙasar saman gonar wani ce, mai albarkar, wadda zaizaya ta kwashe. An yi hasara biyu ke nan, gona ta rame, tafki ya cushe.

Wani abin da awo ya tona, wanda ba don awon ba da ba wanda zai yarda, shi ne abin da ya faru da Kwara a wannan yanki namu. Tashar Kulikoro a Mali tana da rubutaccen awo tun 1907, shi ya sa aka iya gane girman farin da ya fara a wajen 1970. A watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu ɗungurungum a Yamai. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Amma da masana suka duba ƙananan kogunan Sahel da ke zuba a Kwara, sai suka ga abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a cikinsu ya ƙaru. Da aka bincika sai aka ga an sare itatuwa, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta yi ɓawo ta zama faƙo, ruwa ba ya shiga sai dai ya bi ta kai da gudu. Saboda haka ake iya samun ambaliya a kwari da ƙishirwa a tudu a damina ɗaya. Mun ga ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka da dama a dare ɗaya. A ƙasa baki ɗaya kuma, ta 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600.

A ganina, babbar matsalar ba ta rashin hukumomi ba ce. Muna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tun 1973, muna da hukumar tarayya mai kula da awon ruwa wadda dokarta ta fito a 2010, akwai Hukumar Kwarin Neja mai ƙasashe tara a Yamai, akwai ta Tafkin Chadi tun 1964. Matsalar tana can gindin gada. A duniya baki ɗaya, yawan tashoshin da ke aika bayani ya riƙa raguwa tun daga shekarun 1980, kuma Afirka tana cikin inda abin ya fi tsanani. A wajen aiki na taɓa zuwa wata tasha, na tarar ruwa ya tafi da sandar awo shekaru da suka wuce, mai karanta ta ya tsufa, ya fito mini da littattafansa daga cikin adaka a naɗe cikin leda, ya ce tun da aka daina biyansa ɗan alawus ba wanda ya zo karɓa. Rubutunsa tsaf, safe da yamma, babu tsallake. Shekarun da suka biyo bayan shafinsa na ƙarshe kuwa sun tafi, ba kuɗin da zai sayo su, domin ruwan da ya wuce bara ba ya dawowa a auna shi.

Wani zai ce ai yanzu akwai tauraron ɗan Adam. Gaskiya ne, a watan Disamba 2022 Amurka da Faransa sun harba wani mai suna SWOT musamman don auna tsayin ruwa a koguna da tafkuna. Sai dai an tsara shi ne don kogunan da faɗinsu ya kai mita 100, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya sake bi ta kan wuri. Koramarmu da ke cika da tsakar dare ta janye kafin azahar, ba za ta jira shi ba. Kuma daga sama ba a ganin naitiret a cikin rijiya.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa ga Daura musamman? Saboda ruwanmu na tarayya ne. A ranar 18 ga Yuli 1990, Nijeriya da Nijar suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Maiduguri game da raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma ƙarshen Komadugu Yobe. Na ukun nan namu ne. Yarjejeniyar ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin tattara bayanai da miƙa su ga hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu. A wannan kwari mu ne a sama, mutanen Nijar suna ƙasa, kuma 'yan uwanmu ne na jini, kasuwar Mai'aduwa ta ishe mu shaida. Duk abin da muka tare a Sabke, wani ne bai samu ba a can. A kan Kwara kuwa abin ya juya, su ne a sama, ga madatsar Kandaji da suka aza harsashinta a 2008, mu kuma muna ƙasa da Kainji da Jabba. Ranar da za a zauna rabo, wanda ya zo da littafin awo na shekara 30 shi ke da bakin magana, wanda ya zo da "a da ruwa yakan kai wancan dutse" sai dai ya saurara.

Saboda haka, ya Shugaba, ina da roƙo guda uku ga wannan Ƙungiya, kuma ba wanda ya kai kuɗin fentin ajujuwa biyu. Na farko, mu kafa ma'aunin ruwan sama a filin makarantar nan, a killace shi, a ɗora wa 'yan kulob ɗin kimiyya karanta shi kowace safiya a lokaci guda, har da lokacin hutu, wanda za a iya ba ɗaliban cikin gari. A sami littafi mai bango mai ƙarfi, a kuma riƙa kwafe shi a kwamfuta duk ƙarshen wata, kwafi ɗaya a ofishin Shugaban makaranta, ɗaya a hannun Sakataren Ƙungiya. Na biyu, mu sayi ɗan ƙaramin na'urar nan mai kama da alƙalami da ke nuna yawan narkakken abu a ruwa, da takardun gwajin naitiret, ɗalibai su riƙa gwada rijiyar makaranta da wasu rijiyoyi goma da za a zaɓa a unguwanni, sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da ƙarshen damina. Inda aka ga lamba ta haura, sai a kai samfur babban ɗakin gwaji a tabbatar kafin a tayar wa mutane da hankali. Na uku, waɗanda ke cikinmu da ke aiki a ma'aikatun ruwa na jiha da na tarayya, da masu koyarwa a manyan makarantun da Allah ya kawo garin nan, mu haɗa kai mu nemi izinin hukuma a kafa sandar awo a gada ɗaya ta korama mafi kusa, mu kuma ɗauki nauyin alawus ɗin mai karanta ta daga asusun Ƙungiya, a rubuce cikin kasafin kowace shekara, don kada ya dogara da wanda ke riƙe da shugabanci. Ni na ɗauki alkawarin zuwa in koya wa ɗalibai da malamin da za a naɗa yadda ake awon, kuma na miƙa wa Sakatare kiyasin kuɗin kayan a rubuce don majalisa ta duba a zamanta na gaba.